Ƙasar Bakin Kogi

Mosanes, 3 ga Maris

Steinunn 'yata,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya, tumaki ma haka.

Takardarki ta iso majalisar gari, a gabana aka karanta ta. Shekara biyu ina fafutuka a gina gidan tsofaffi a bakin kogi, inda kakarki za ta riƙa kallon ruwa ta taga, sai ga 'yar cikina ta rubuto wai wurin bai dace ba. Jiya a tafkin wanka na gari abokina Ormur ya ce, "Ketill, a gidanku wa ke ba da umarni, kai ko yarinyar?" Kowa ya kwashe da dariya.

Tun tasowata ƙasar nan girgiza take yi. Me ya bambanta bakin kogi da ko'ina?

Mahaifinki,
Ketill

Reykjavik, 9 ga Maris

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa, a gaida Kaka. Ban yi nufin kunyata ka ba.

Bakin kogi yashi ne da laka mai zurfi, irin ƙasar da ke ninka girgiza. Lissafina ya nuna za ta motsa kusan sau uku fiye da kan dutse. Amma lissafi ne, ina iya kuskure. Ka bar ni in binne na'urar auna girgiza biyu, ɗaya kan dutse a bayan garkenka, ɗaya a filin ginin. Ka kuma roƙi majalisa ta jira zuwa Oktoba. Tsofaffi talatin ne, Baba, yawancinsu ba sa iya gudu.

'Yarka mai biyayya,
Steinunn

Mosanes, 20 ga Agusta

Steinunn,

Gaisuwa. Wata biyar ina shan gori kan na'urorinki, sai shekaranjiya da safe. Ina filin ginin ina duba turaku ƙasa ta motsa, na tsinci kaina zaune daɓas a cikin laka. Na taho gidanmu na kan dutse a guje, na tarar da kakarki riƙe da kofinta cike taf, ko ɗigo bai zube ba. Ta dube ni ta ce, "Kai kuma wa ya koro ka?"

Turo mini abin da na'urorin suka rubuta.

Ketill

Reykjavik, 24 ga Agusta

Baba,

Barka da arziki. Na yi kuskure: sau uku da rabi ne, ya wuce abin da na ce. Kuma wannan girgizar ƙarama ce. Ga takardun nan. In kana jin nauyi, ni zan zo in yi wa majalisa bayani.

Taka,
Steinunn

Mosanes, 2 ga Satumba

'Yata,

Ba sai kin zo ba. Da bakina na karanta musu, na kuma janye maganata. A kan tudu za a gina.

Baƙon injiniyan da majalisa ta ɗauko ya daɗe yana jujjuya takardun, sannan ya tambayi wanda ya yi aikin nan. Sai da na miƙe tsaye kafin na faɗa masa 'yata ce.

Ki huta lafiya.

Mahaifinki,
Ketill