Katunan dangi goma sha tara da fayil ɗin da ya ƙi goguwa

Assalamu alaikum 'yan gida. Admin a sakaya sunana, akwai 'yan uwana a cikin nan. Don Allah ku ba ni shawara, musamman waɗanda suka san kan kwamfuta, don ni dai kaina ya kulle.

Ni 'yar Zongon Sokode ce, ina karatun jinya a Dapaong. Ba ni da yawan magana, ko a gida ana hira ni ce ta gefe da littafi. Shi ya sa da kakanmu ya tsufa ni nake zama wurinsa duk hutu, ina naɗar muryarsa yana ba da labarin yadda iyayensa suka zo da ayarin goro, da sunayen zuri'armu ɗaya bayan ɗaya. Naɗi ashirin da uku na yi, na jera su a kwamfutar da yayana ya bar mini. Allah ya yi wa Kaka rasuwa watan jiya, ranar Juma'ar nan ake sadakar arba'in.

Tsofaffinmu ba sa harka da babbar waya. Kowa da 'yar rediyonsa mai cin katin memori, a ciki yake jin wa'azi da karatu. Sai Baffa, wan babanmu, ya bi gida gida ya karɓi katunan, ya naɗe kowanne a takarda, ya rubuta sunan mai shi da ajami, ya zuba a gwangwanin alewa ya ba direba ya kawo mini. Goma sha tara. Wai in ɗura wa kowa muryar Kaka, in taho da su ranar Alhamis a raba bayan addu'a. Har ya riga ya sanar a masallaci.

Kafin in fara na lura kwamfutar ta yi nauyi, fankar ciki tana ta huci ko ban buɗe komai ba. Na duba jerin abubuwan da ke aiki, sai na ga wani fayil da ban sani ba, haruffa shida da lamba biyu, ba hoto ba bayani. Na rubuta sunansa a littafina, da girmansa, da inda yake zaune, da ranar da ya shigo. Na bincika a intanet kwana biyu. Wasu sun ce na cikin injin ne, in ka taɓa shi kwamfuta ba za ta sake tashi ba. Wasu sun ce akwai birus da ke aron wannan sunan don ya ɓuya. Antibirus ɗina ya ce lafiya lau, amma na ƙawata ya nuna ja da na kai mata kile ɗina, wato filashin USB. Na goge shi sau uku, duk kunnawa sai ya dawo.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ranar da ya shigo. A ranar yayana ya biyo daga Sinkase ya sa mini manhajar tace murya, a ranar kuma na kai kile shagon buga takardu na dawo na jona. Da ɗaya ne kawai da na san inda na dosa. Na kira Yaya, ya ce shi abubuwa da yawa ya sa, ba zai tuna ba, kuma wai tun ina ƙarama ko tuwo aka zuba mini sai na bincika asalinsa. Mai gyara na bakin tasha ko kallon littafina bai yi ba, ya ce a formate, a wanke komai. Na ce to mene ne fayil ɗin? Ya ce likita, ke gyara kika zo ko jarrabawa?

To ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Da na gaji sai na ce bari in gwada da kati ɗaya. Maimakon in fita in sayi sabo, na sa hannu a gwangwani na ɗauko na sama. Na Gwaggo ne, ƙanwar babanmu. Na jona, na ga abubuwan da ke ciki, na fara ɗurawa, sai ya tsaya a rabi. Na cire na mayar, kwamfutar ta ce babu komai a ciki. Na sa a waya, babu. Na aro rediyo na sa, shiru. A katin nan akwai karatun mijinta marigayi da aka naɗa a wani azumi, kuma ban san wani wuri da yake ba sai nan. Shi take kunnawa kullum bayan asuba. Katin tsoho ne, bakinsa duk ya goge, mai yiwuwa shi ya mutu don kansa. Mai yiwuwa kuma fayil ɗin ne ya ɓoye komai ko ya cinye. Ni da nake rubuta girman fayil a littafi, ban kwafe na cikin katin ba kafin in taɓa shi.

Na yi ƙarfin hali na kira Baffa na ce a ɗan jinkirta rabon, kwamfutar ba ta da lafiya. Ban taɓa mayar masa da magana ba a rayuwata. Ya yi dariya ya ce 'yar asibiti, yanzu har inji ma kin fara gwada masa jini? Ya ce abin da ba ya numfashi me zai yi wa mutum, in daina tsoron banza, mutane za su zo tun daga Aouda, ba zai tashi a gaban jama'a ya ce babu ba. Na buɗe baki zan faɗi zancen katin Gwaggo, sai na ji kaina ina cewa to Baffa.

Yau da safe Gwaggo da kanta ta kira. Ta ce gidan ya yi mata shiru tun da aka tafi da katin, in lallaɓa in sa Kaka a bayan karatun Malam, mijin nata, kada in taɓa na Malam. Ita ma na ce mata to.

Saura kwana biyu in hau mota. Ta yaya mutum zai tabbatar fayil na injin ne ko na ɓarna ne, ba wai a ce mini wanke kawai ba? In na ɗauki naɗin Kaka na kai wata kwamfutar, abin ba zai bi ni can ba? Akwai hanyar dawo da abin da ya ɓace a kati, ko duk jonawar da na yi ƙara kashe shi na yi? Sauran goma sha takwas ɗin ban ko warware takardunsu ba, in ɗura ko in mayar yadda suka zo, Baffa ya ji kunya a taro?

Ita kuma Gwaggo, in kira ta yau in faɗa mata, ko in bari sai na durƙusa a gabanta? Wanda ya taɓa isar da irin wannan ga babba, don Allah ya gaya mini kalmar da ake farawa da ita.