Teburin Girkin Inna

Malanville, Talata, 9 ga Maris 2004, ƙarfe huɗu da minti goma na yamma. Ina zaune a ƙofar madafa, siminti bai bushe ba.

Yaya Abdulbaƙi,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Ka ce likita ya hana ta tsugunno har abada saboda aikin ƙugun da aka yi mata, kuma in ba za ta iya girki ba, a Parakou za ka riƙe ta. Ka san Inna ba ta iya zaman gidan da ba ita ke girki ba.

Don haka na kwashe duwatsun murhu, na gina tebur a tsakiyar madafa don ta yi girki a tsaye. Bulo da ƙarfe ne, tsawo santimita 120, faɗi 70, tsayi 88. Magini Ɗan'iya ya ara mini kayan aiki, amma ni na gina. Tsayin na fitar da shi daga katin shaidar Inna: mita ɗaya da 61.

Kada ka gaya mata tukuna.

Ƙanwarka, Munawwara

Parakou, 14 ga Maris

Munawwara injiniya,

Muna lafiya. Wannan katin an yi shi kina goye. Inna ta ranƙwafa, yanzu da ƙyar take kai min ƙirji.

Na gaya mata. Ta tambaya da mi za ta danne tukunya in tana tuƙa tuwo, tunda ƙafafunta suna ƙasa, tukunya tana sama.

Ranar Asabar 3 ga Afrilu zan kawo ta. In ta kasa tuƙa tuwo a kan abin naki, motar da ta kawo mu ita za ta mai da mu.

Yayanki

Malanville, 18 ga Maris, ƙarfe tara na safe

Yaya,

Bayan gaisuwa, Inna tana da gaskiya. Jiya na gwada, tukunya ta zame, talge ya ƙone mini wuyan hannu.

Na fasa rami a tsakiyar teburin don tukunya ta nutse har wuya, gawayi yana ƙasa. Yanzu ba ta motsi. Saura tsayi. Zan iya ɗaga daɓen da za ta tsaya a kai, amma sai na san nawa. Don Allah ka auna ta da zare, daga ƙasa zuwa gwiwar hannu, da kuma zuwa kai. Ka ƙulla, ka aiko da direba.

Munawwara

Parakou, 25 ga Maris

Munawwara,

Ni ma wauta ta ɗauke ni. Tana kwance na miƙa zaren daga ƙafarta zuwa kai. Ta buɗe ido ta riƙe hannuna. Ta ce: "Gawa ake aunawa kwance, Abdu. Ka ce ma ɗiyar nan ban mutu ba."

Kwana biyu ba ta ci abincin kirki ba. In na ambace ki sai ta juya ga bango. Babu zare. Asabar tana nan.

Abdulbaƙi

Malanville, Juma'a, 2 ga Afrilu, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Yaya,

Ka gaida Inna, in ta yarda ta amsa. Wataƙila ku riga takardar nan tasowa.

Na tafi ƙauyen Garou na ɗauko Iya Sa'a, ƙanwar Inna, don kowa ya ce tsayinsu ɗaya. Ta zage ni tun daga kan babur har gida, sannan ta tsaya ta tuƙa. Na ɗaga daɓen da santimita 11, na yi masa gangare saboda sandar da Inna ke dogarawa. Ta tuƙa mudu biyu, ba gudaji, ta ce ba laifi. Na tanadi garin masara da kuɓewa na gobe.

Abin da ban sani ba:

Ko da gaske tsayinsu ɗaya har yanzu.

Ko ƙugun zai jure tsayuwar minti ashirin da biyar, iyakar abin da tuƙin ya ci.

Ko za ka bar direba ya tafi, ko zai jira a ƙofar gida.

Ko in na miƙa mata muciya za ta karɓa daga hannuna.

Ƙanwarka, Munawwara