Me Ya Sa Aka Fasa Injin?

Zuwa ga ƙanena Isufu, a Faransa.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina gajiya, ina sanyin can? Yaya jikin ɗan'uwanmu Mamman? Mu nan Tarka lafiya lau, an gama yankan gero.

Isufu, akwai abin da bai kwanta mini ba. Da farko ka yi ta yabon injin da zai wanke wa Mamman jini tunda ƙodarsa ta gaza. Yanzu ka ce an fasa, an huda cikinsa ana zuba ruwa ana zuƙewa, wai don ya fi sauƙi. Tun yaushe huda cikin mutum ya zama sauƙi?

Ran kasuwa na tare lokotoron Tanut, wato likita, na tambaye shi. Ya ce injin sai da maganin hana jini daskarewa, shi ya sa akan guje shi in jini na tsiyaya cikin kai. Ya tambaye ni ko Mamman ya taɓa buguwa a kai, sai na tuna. Kai ma kana wurin da raƙumi ya kayar da shi a bakin rijiya kafin hutunsa na soja ya ƙare, ya tashi yana dariya.

Ni na goye ka, na san ƙaryarka tun ba ta da haƙora. Jini ne a kansa ko a'a?

A sa mu a addu'a, ka gaida Mamman in yana gane mutane. Inna kullum tana ajiye masa fura. In akwai abin da za ta ji, gara daga bakina, ba daga bakin direbobi ba.

Yayarka,
Hadizatu