Sungumi a Bayan Tsamiya

Zuwa ga Kawu Labbo, helman magina, wanda ya riga mu gidan gaskiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi da biyayya, irin waɗanda kake cewa ban gada ba, ina fatan Allah ya sa kana cikin ni'ima. Ƙanwarka Inna tana gaishe ka. Ba ta ce in faɗa ba, amma ba ta shafa fatiha ba tare da sunanka a ciki ba, don haka na ɗauka gaisuwa ce.

Na san babu mai kai maka wannan takarda. Zan aika wa masu buga jarida. In sun ga dama su buga, in ba su ga dama ba a ƙunshe ƙosai da ita. Ai ni ma daga irin wannan ƙunshi da bayan buhunan siminti na tsinci baƙaƙen boko, kana yi mini dariya kana cewa Barkono zai zama akawu.

To, Kawu, ban zama akawu ba. Helma aka ba ni.

Wata ƙaramar gada ce a kan rafin da ke tsakanin Bungudu da Furfuri, wanda yake raba mutanen ƙauye da kasuwa duk damina. Alhajin da ya karɓi kwangilar ya kira ni Gusau, ya dube ni sama da ƙasa kamar zai sayi rago, ya ce ya ba ni don abu biyu: ina karanta zanen aiki, kuma ni ɗan ƙanwarka ne. Sharaɗi ɗaya ya kafa. A gama harsashi a rufe shi kafin rafi ya kawo, don in ruwa ya tarar da shi a buɗe, zai kwashe har da simintin.

Ka san abin da ya fi ba ni haushi tun da aka ji labari? Samarin tasha. Kowa ya tare ni yana tambaya yadda ake zama helma, kuma in ka saurare su, usur suke so da hular kwano da inuwar zama. Wani ma cewa ya yi ai aikin bai wuce ihu ba, ni kuwa Allah ya hore mini baki. Na so in tsinka masa mari. Waɗannan ba su taɓa ganin ka a bakin aiki ba, shi ya sa nake rubuta wannan a fili, su leƙa ta kafaɗata su gani.

Ban taɓa ganin ka da usur ba.

Abin da na fara gani, lokacin da na soma ɗaukar kwanon sarki a ƙarƙashinka, shi ne ba ka fara aiki da diga. Da yawo kake farawa. Ka bi rafi sama, ka bi shi ƙasa, kana ɗaga kai kana duban karare da ciyayin da ambaliya ta rataye a rassan itatuwa. Ka tsugunna wajen tsofaffin mata masu wanki, ku yi ta hira kamar ba ka da abin yi. Ni ina ta cika ina batsewa, rana tana tafiya. Sai ka ce: "Kahin ka aza dutse, tambayi ruwa inda ya kwana bara."

Na tuna shekarar da muka fasa dutse a gindin Kwatarkwashi. Ka sa aka tara itace a kan falalen dutse, wuta ta ci har iska tana rawa a samansa, sannan aka kwara ruwan sanyi. Dutsen ya yi ƙara ya dare kamar an sare kabewa. Mutane suna ta mamakin dutsen. Ni kuwa yanzu na gane abin mamakin ba nan yake ba. Dutsen yana hucewa sai ga masu jakuna sun iso. Jakuna suna sauke kaya a bakin aiki sai ga yashi ya riga su. Yashi yana ƙasa, masu ga-ruwa suna hawowa daga kwari. Ba wanda ya tsaya jiran wani, kuma ba wanda ya ga lokacin da ka shirya hakan. Duk aikin yana cikin kanka, daga farkonsa har ranar da motar farko za ta bi ta kai, kai kuwa kana tafe da goro a kunci kamar mai zuwa gaisuwar suna.

Wallahi, Kawu, yanzu da nake ƙoƙarin haɗa yashi da ruwa su iso rana ɗaya, in na tuna wannan sai in sara maka.

Ka san mutanenka kamar yadda makiyayi ya san garkensa. Ka san Tanko birkila ba ya son a tsaya masa a ka, amma in ka wuce ka shafa gininsa ka yi shiru, ranar sai ya yi aikin mutum biyu. Ka san tsoho Nomau gwiwarsa ta tafi, sai ka mai da shi wajen tankaɗe yashi, ka ce don idonsa ya fi na kowa, ba ka taɓa ambaton gwiwa ba. In aiki ya yi kyau ka ce na su wane ne. In ya ɓaci ka hau keke da kanka ka je wajen mai aiki tun kafin ya ji a bakin wani. "Labari maras daɗi da ƙafa ake kai shi," in ji ka, "tun da sauran rana."

Amma abin da ya kawo ni ga wannan takarda shi ne aikin Tsafe.

Muna tsakiyar gina kwalbati aka yi ruwan shuka. Leburorin duk manoman wurin ne. Kowa ya san abin da ake yi: helma ya yi ta zagi, lebura ya ce to, gari ya waye ba kowa, kuma wanda ya gudu da kunya ba ya dawowa. Kai kuwa ka tara su, ka tambayi kowa inda gonarsa take, ka jera gonakin, ka ɗauki sungumi ka shiga gaba. Gaba ɗayanmu muka bi gona gona muna shuka, gayya guda. Abin da mutum zai daɗe yana yi shi da iyalinsa, kafin hantsi ya dubi ludayi mun tashi mun faɗa ta gaba. Aka gama, aka dawo bakin kwalbati tare, ba wanda ya ɓace. Ka ce mini: "Ranar ruwan shuka manomi ba shi da ubangida sai gonatai. Aiki ba shi gudu, Barkono, mutane ka gudu."

Taka gonar kuwa tana can Bungudu tana jira. Kowace shekara ita ce ta ƙarshe. Inna ta yi ta mita, wai geron kowa ya kai ƙugu, na yayanta ko idon sawu bai rufe ba, shi yana can yana shuka wa 'yan Tsafe.

To, bana ta faɗo kaina.

Na bi rafi kamar yadda kake yi. Na fara da aikin da ke cikin kwari, na bar na sama. Amma ruwa ya riga lissafina. Harsashi ɗaya ya tashi, ɗayan yana buɗe, rodi a tsaye kamar haƙoran mataji, sai hadari ya haɗo daga gabas da la'asar ya zuba ruwa mai nauyi. Rafi bai kawo ba, ƙasa ta shanye, amma kowa ya san ruwa na biyu ko na uku ba zai yi mana wannan kara ba.

Da safe mutanen duk sun zo. Shebur yana hannu, ido yana gona. Na zagaya bayan tsamiyar da muke ajiye kaya, sai na tarar da sungumi jingine, wani kan wani, da ƙullin iri a gindinsu. Sun zo ne su ga ko ni wane ne. In na yi ihu, su ce to, da azahar in nemi kowa in rasa.

Kawu, maganganun da suka taru a bakina a lokacin, da na sake su, da tsamiyar ma ta zubar da ganye. Nomau ya dogara shebur ya ce: "Barkono, yau yaji za ka yi muna, ko miya?" Aka kwashe da dariya, irin dariyar da ake yi ana jiran faɗa.

Na haɗiye. Ya yi mini ɗaci kamar maɗaci, amma na haɗiye. Na ce kowa ya faɗi inda gonarsa take. Na sa ta Nomau farko, don ƙasarta jigawa ce, ba ta riƙe laima. Na ce su fara, ina zuwa. Na hau keke na nufi Gusau.

Alhaji yana zaune a ƙofar shagonsa na faɗa masa na kwashe mutanensa na kai su shuka. Bai yi ihu ba, da ma ya yi. Yana jan carbi ya ce: "Kawunka ya yi mini haka, na ƙyale shi don shi ne. Kai ba shi ba ne. In ruwa ya ci mini siminti, ka koma kwanon sarki, kuma ba a ƙarƙashina ba." Gaskiya ya faɗa, dukiyarsa ce a cikin kwari. Na ce na ji. Ban ƙara ko kalma ba, ka dai san wannan kaɗai abin a yi shela ne.

Na dawo na ɗauki sungumi. Muka bi gonakin Furfuri, muka gangaro na Bungudu, maza suna sara, iyalan mai gona suna biye suna zuba iri suna takewa. Hannuna ya yi kanta a kan kanta. Kullum idona yana gabas. Duk gajimaren da ya gilma sai in bi shi da kallo ina tuna harsashina. A nan na fara tambayar kaina: ashe haka kake ji? Duk shekarun nan kana gaba kana ba'a da masu zuba iri, ashe da wannan dutse a ƙirjinka kake tafiya, ba wanda ya gani a fuskarka?

Da muka tashi daga gona ta ƙarshe na ce maza a koma rafi. Ba wanda ya juya. Nomau ya saɓa sunguminsa ya miƙe wata hanya, sauran suka bi shi. Na buɗe baki zan yi abin da na saba, sai na gane hanyar.

Gonarka suka nufa, Kawu. Wadda ba a taɓa ba tun da ka kwanta ciwon da ya ɗauke ka.

Tanko ya waiwayo ya ce: "Ta Labbo ce ta ƙarshe, yaro. Haka aka saba. Ko kai za ka canza?" Hadari yana ta haɗuwa a bayanmu, harsashina yana buɗe, ni kuwa na bi su ina sara ƙasa ba na ganin inda nake sara. Inna ta fito da ƙwaryar iri, ta shiga sahu. Ita da ta yi shekaru tana mita a kan gonar nan.

Washegari kafin in iso bakin rafi na jiyo ƙarar shebur. Ba wanda na kira. Suka kwaɓa kankare kamar masu jin haushinsa, kwanon sarki yana tafiya hannu da hannu ba ya taɓa ƙasa. Hadarin nan ya yi ta yi mana barazana yana wucewa kudu, har muka rufe harsashi, ya sha iska ya kama.

Sannan rafi ya kawo. Muna tsaye a tudu da rana tsaka muka ji shi tun daga nesa, ya taho ja wur da karare da kututture, ya daki ginin, ya rabu biyu, ya wuce. Ginin bai motsa ba.

Amma kada in yi maka ƙarya: ya tafi da tulin yashina gaba ɗaya, don na zube shi ƙasa da inda ruwa ya kwana bara, alhali na ga alamar da idona. Nomau ya bi yashin da kallo ya ce: "Helma, Labbo dai ko cikin cokali bai taɓa ba rafi sadaka ba." Aka yi dariya, ni ma na yi. Sai da na hau keke zan kai wa Alhaji labarin yashin da ƙafata na tuna da sunan da tsohon ya kira ni: Helma, ba Barkono ba.

Alhaji bai kore ni ba. Bai kuma yabe ni ba. Cewa ya yi in nemo yashi.

Saura aikin sama, kuma ban san ko zan iya ba. Kullum ina gano wani abu da kake yi a ɓoye wanda na ɗauka da kansa yake faruwa. Da na sani da na rage surutu na ƙara kallo. Ga samarin tasha masu leƙen wannan takarda, abin da zan iya ce musu ke nan: ku je ku ɗauki kwanon sarki a ƙarƙashin mutum irin wannan, in har akwai saura, ku rufe baki.

Geronka ya tsiro, Kawu. Jiya na biya na gani. Ya fi na kowa gajarta, kamar kullum.

Allah ya jiƙanka, ya yi maka rahama, ya yalwata makwancinka kamar yadda ka yalwata wa talakawa hanya. Ya sa kowace ƙafa da ta taka gadar da ka gina ta zame maka lada. Ya haɗa ka da iyayenka a Aljanna. Ni kuma ya ɗaure mini harshe, ya buɗe mini ido, ya sa in sauke nauyin mutanen nan lafiya. Amin.

Ni ne ɗan ƙanwarka,
Sani, naka Barkono,
daga bakin rafin Furfuri.