Wanda Ya Nuna Musu Hanyar Daji

Randagi

Yaya Labaran,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Anti Zulaiha da yara. Mu ma lafiya lau.

Wani kamfanin zuma daga Kaduna ya haɗa gwiwa da ƙungiyarmu ta masu kiwon zuma. Sun kawo akwatuna maimakon amya, mu kuma muna nuna musu daji. Maigidana Isiyaku ke goya manajansu, Nathaniel, a babur. Mutumin kirki ne, amma tambayarsa ta yi yawa. Wace bishiya, wane rafi, ina ake tsallakewa, duk yana dannawa a waya. Ka san Isiyaku, a yabe shi kaɗan sai ya zazzage cikinsa. Ni dai hankalina bai kwanta ba.

Ƙanwarka,
Muslimat

Yaya,

Ina gaisuwa, ya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Mutanen kamfanin sun daina kiran Isiyaku. Sun iya yi wa zuma hayaƙi, sun iya hanya, sun kawo nasu 'yan acaɓa. Abu ɗaya ne bai shiga wayar ba. Tun da aka yi sulhu da masu bindigar daji, ba mai tsallake rafi sai ya aika musu tukuna, ya kashe babur ya tura da hannu. Isiyaku yakan aika tun kafin su fita, a rafin kuma ya ce wa Nathaniel yashi ne ya yi yawa, wai kada baƙo ya tsorata ya janye. Shekaranjiya suka ratsa da babura suna ƙara, ba aike. Jiya wata mai tallar nono ta kawo saƙo daga masu bindigar, ana tambayar wanda ya nuna wa baƙi hanya. Wallahi tsoro nake ji.

Taka,
Muslimat

Yaya,

Bayan gaisuwa, ka yi haƙuri da rubutun.

Masu bindigar sun tare Nathaniel, suka sake shi ko ƙwarzane babu. Ya zo har zaure yana murna, wai da suka tambaye shi ya gaya musu gaskiya, duk abin da kamfani ya sani Isiyaku ne ya koya musu. Shi a ganinsa yabo ya yi.

Yanzu sun aiko cewa Isiyaku ya je ya same su a daji ranar Juma'a, shi kaɗai. Na roƙe shi mu gudu, ya ce idan ya gudu garin za a ƙone. Yau ya je an yi masa aski, ya bi dangi gida gida yana neman gafara.

Don Allah ka zo ka ɗauki yaran kafin Alhamis. Ba na so su ga fitarsa.

Ƙanwarka,
Muslimat