Lambobi Shida a Hannun Sa'adatu

Unguwar Dar es Salam, Yamai, Litinin

Zuwa ga ƙanwata Sa'adatu,

Bayan gaisuwa mai yawa da tambayar lafiyarki da ta mutanen Dogondutsi, ina sanar da ke cewa mutumin da ya kira ki sau biyu jiya, wanda kika kira ɗan damfara kika kashe masa waya, yayanki ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Mura ce ta mayar da muryata ta kwaɗo.

Ga yadda al'amarin yake. Na'urar kunne da ƴata Latifa take jin magana da ita ta lalace, yau kwana tara yarinyar tana kallon bakunanmu kawai. Na samu irinta a wani kanti na Lyon, can Faransa, ta intanet, guda ɗaya ta rage. Na sa lambar katin bankina, sai banki ya ce sai ya tabbatar ni ne ni, abin da ban taɓa shakka ba cikin shekara hamsin da huɗu. Ya aika lambobi shida zuwa tsohon layina, wanda ke cikin salular da na ba ki kyauta bara. Lambobin nan minti biyar suke rayuwa.

Sau biyu kin hana. A na uku za a rufe katin. Kantin ya ajiye mini na'urar zuwa azahar ta Alhamis. Na je banki a sauya layin, wani matashi mai ɗaurin wuya ya ce kwana goma. Zuwa da kaina ba hali, ina tsaron jarrabawa. Saboda haka zan kira ki Alhamis da hantsi, ki karanto mini su ba gardama.

Na ba direba Moussa wannan takarda. Ki huta lafiya.

Yayanki,
Malam Abdulrazak

*

Dogondutsi, Talata

Yaya,

Ina gaishe ka, ina gaishe da uwargida Yaya Fatuma, a shafa mini kan Latifa. Tun da na karanta takardarka abinci bai shiga bakina ba.

Amma ka tuna ranar da ka ba ni salular. Ka zaunar da ni a tabarma ka yi mini lacca har shayi ya huce. Ka ce duk wanda ya nemi lambar banki ta waya ɓarawo ne, ko ya zo da muryarka, ko ya rantse, ko ya ce wani na kwance asibiti. Ka sa na maimaita sau uku kamar ƴar aji ɗaya. Maƙwabciyata Kadi ba ta samu mai yi mata lacca ba, watan jiya aka kwashe ta tas.

Rubutun naka ne, na yarda, ba mai jan wutsiyar harafi haka sai kai. To amma takarda ba ta gaya mini wanda zai kira ran Alhamis. Layin kuma ba zan ba direba ba, ka hana wannan ma.

Zan yi wa mai kiran tambaya ɗaya. In ya amsa daidai, na karanta. Ba zan rubuta ta nan ba, Moussa ya iya karatu.

Taka,
Sa'adatu

*

Dar es Salam, Yamai, Laraba

Sa'adatu,

Gaisuwa a taƙaice. A tsawon aikina na koyarwa na yaye ɗalibai dubbai, ba wanda ya riƙe darasina sai ke, kuma a ranar da na fi bukatar a manta shi.

Na shirya. Na rubuta sunayen kakanninmu har bakwai, da sunan akuyar Inna, da shekarar da rumbu ya ƙone. Fatuma tana yi mini tambayoyi ina amsawa a tsaye.

Abu ɗaya zan faɗa ba da muryar malami ba. Yau da safe na kira Latifa daga bayanta, na manta. Ba ta juyo ba. Da ta ga fuskata sai ta ce, «Baba, yi haƙuri.» Ita ke ba ni haƙuri.

Minti biyar ne, Sa'a. Kada tambayar ta yi tsawo.

Abdulrazak

*

Dogondutsi, Alhamis

Yaya,

Ina gaisuwa. Na ga saƙon kantin da ka turo, na'ura ta kamo hanya. Alhamdu lillahi.

Na tambaye ka wa ya jefa rediyon Baba cikin rijiya, sai da ka cinye minti biyu cikin biyar ɗin kafin ka amsa. Ɓarawo zai ce bai sani ba. Da ka ce ni ce, kamar yadda ka gaya wa Baba har na sha bulala, da na tabbata kai ne, kuma ban san abin da zan yi ba. Sai ka ce, «Ni ne.» Shekara arba'in da biyu ina jiran kalmomin nan biyu.

Da murar taka ban ji su sosai ba. Ina nan tafe ran da na'urar ta iso. A sa wa Latifa, ka maimaita, mu ji tare.

Ƙanwarka,
Sa'adatu