Jan Fenti a Bakin Famfon Abbanka

Nolkhola, gundumar Jessore
Farkon damina

Zuwa ga ɗana Mizan,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da sa albarka, ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da abokan aikinka a can gonar kwakwar manja ta Malesiya. Allah ya tsare min kai daga ƙayar itatuwan nan da macizan da ke ƙarƙashinsu, ya sa wa guminka albarka, ya dawo min da kai da ƙafafunka. Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. Gwiwata tana nan da halinta, in hadari zai taso ita ke riga kowa sani. Matarka Parbin ta kira daga Gazipur, ta ce an ƙara musu ɗinki a masana'anta, da wuya ta samu zuwa kafin Babbar Salla. An fara dashen shinkafa. Mangwaron bayan ɗaki ya yi 'ya'ya sosai bana, amma jemagu ne suka more shi, don ni haƙora sun ƙare, 'yarka Shiuli kuma ba ta zama.

Za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. To, a waya kai ke magana ni ina cewa to, kafin in haɗa abin da ke bakina sai ka ce an kira ku aiki. Ran Juma'ar nan ka yi faɗa har muryarka na rawa. Ka ce Kuddus ɗan baffanka ya gaya maka Shiuli ta zubar maka da mutunci, ta shafa wa famfon Abbanka jan fenti. Ka ce a kankare shi a shafa kore, yarinyar kuma a cire ta daga ƙungiyar makarantarsu. Na ce to, don ba na so ka ɗauki lauje da ɓacin rai, amma ba amincewa na yi ba. Kuddus wutsiyar labari ya ba ka, shi ya sa na nemo tabarau na zauna in ba ka kansa.

Ba sai na tuna maka yadda famfon tuƙa-tuƙan nan ya zo ba. Da guminka na farko aka haƙa shi, sadaka ga marigayi Abbanka, har aka rubuta sunansa a jikin siminti. Abin da ba ka gani ba shi ne yadda ya zame mini bayan ka tafi. Ruwan sauran famfunan unguwa tsatsa gare shi, yana mayar da shinkafa ja-ja, ya ɓata farin zane, shayi ya yi baƙi ƙirin. Namu kuwa garai-garai, ga sanyi, mata har baro na ƙofar ɗakinsu suke su zo namu. Tun da Abbanka ya rasu, ka tafi, Parbin ta tafi, ƙarar hannun famfon nan ce ke tashe ni da safe. In fito da tabarma da kwanon ganyen pan, goronmu na nan, mai jiran layi ta zauna ta tauna, a taɓa wanda ya yi aure da wanda ya gudu da bashin mutane. Maƙwabciyata Monowara, da ke kirana Bhabi, wato matar yaya, takan ce, "Bhabi, ke kin fi shugaban ƙauye morewa, kina zaune gulma ke zuwa miki da tulu a ƙugu." Gaskiya ta faɗa. Ban taɓa cin abincin safe ni kaɗai ba a shekarun nan.

Sai malamar su Shiuli ta kimiyya, Nasrin Apa, wato Yaya Nasrin, ta tara manyan 'yan aji ta kafa musu ƙungiya. Ta koya musu cewa akwai wata guba a cikin ƙasa, asenik, da ke shiga ruwan wasu famfuna. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, kuma tafasawa ba ta fitar da ita, sai dai ta yi ta cin mutum a hankali. Aka ba su 'yan kwalabe da wani gari da 'yar siririyar takarda mai canja launi. Famfon da ya fita lafiya a shafa wa bakinsa kore, wanda bai fita ba a shafa masa ja, ruwansa na wanki da wanka ne kawai. Da farko tsiya nake yi wa Shiuli, ina kiranta likita ba allura. Suka dinga bi gida-gida, wani ya karɓe su, wani ya kore su. Wani tsoho ya ce mata tun ba a haifi ubanta ba yake shan ruwansa, kuma ga shi nan daram. Ta dawo fuska a murtuke, na ce shi ke nan an gama. Ta ci shinkafarta, ta wanke hannu, ta sake ɗaukar jaka.

Ranar da na daina yi mata dariya ita ce ranar da ta kama hannun Monowara. Ka san ta da naɗe hannu a gefen zane, mu duka mun ɗauka ɗabi'a ce. Ashe tafin hannunta ne ya yi ƙwarya-ƙwarya da tauri, ga ɗigon baƙi a ƙirji, tana ɓoyewa don kar a ce kuturta ce. Matar ɗanta ta riga ta ware mata kwano a ɓoye. Shiuli ta duba, ta gaya mata a gaban mata cewa wannan ba ya kama da kuturta, ba a kuma ɗaukarsa, ta je asibiti a duba ta, ta kuma canja ruwan sha. Sannan ta ja kwanon Monowara ta sa hannu suka ci tare. Monowara tana ci tana hawaye. Ni kuwa na san ruwa ba ya tsami banza, kuma na san famfon da Monowara ke sha.

Ita ma Shiuli ta sani. Kullum na tambaye ta namu fa, sai ta ce gobe. Da ta ga goben ta ƙi ƙarewa, ta gwada shi a gabana. Takardar ta tashi daga fara zuwa rawaya, ta zarce ta yi launin shayi. Ta sake gwadawa, ta je ta kira malamarsu ita ma ta gwada da nata kayan, duk magana ɗaya. Kafin azahar tsakar gida ta cika. Mata suka ce a rufa asiri, ruwan da bai taɓa ɓata shinkafa ba ta yaya zai ɓata mutum. Wata ta ce gidan jan famfo ko shayi ba a karɓa, kuma gobe wa zai zo neman yarinyar da ta girma da ruwan jan famfo. Kuddus ya ce ai da ja da kore duk fenti ne, wa zai bincika. Shi da ruwan kwalba yake sha tun da ya buɗe shago a kasuwa.

Da aka watse, sai na ga Shiuli zaune a kan dakalin famfo, gwangwanin fenti a gabanta, buroshi a hannu, ta kasa buɗewa. Ta ce, "Dadi, kakata, na shafa wa famfunan mutane ja ina ba su haƙuri. In na tsallake namu, da wane ido zan dube su? In kuma na shafa, ba mai sake zuwa wurinki." Ka ji, Mizan. Ba sunanka take tsoro ba, ba aurenta ba, ni take ji. Ban san ta lura da abin da famfon yake a wurina ba. Na ce mata ta daina surutu fenti zai bushe. Ni na ɓalle murfin da wuƙar yankan pan, ni na riƙe gwangwanin har ta gama. Don haka in mutuncinka ya zube, hannu biyu suka zubar da shi, kuma ɗaya na uwarka ne.

Abin da ta faɗa kuwa shi ya faru. Yanzu mata can suke zuwa famfon makaranta, mai zurfin nan da ya fita kore, ni kuma gwiwa ba za ta kai ni ba. Ba wadda ta yi fushi da ni. Suna wucewa ta hanya su ɗago murya su gaishe ni, su ce za su shigo anjima, anjimar ba ta zuwa, don ɗibar ruwan ta cinye musu safiya. Ganyen pan yana bushewa a kwano. Labari sai ya kwana ya yi sanyi kafin ya iso ni. Shiuli ce ke ɗebo mana na sha kafin ta tafi makaranta, ta kuma kafa ganga muna tarar na sama, in an tashi kuma su wuce ƙauyukan gaba da kwalabensu, sai magariba nake ganinta. Agwagi nake yi wa magana. Wani lokaci nakan je in tuƙa famfon ba don ina bukatar ruwa ba, in wanke ƙafa kawai in ji ƙarar. Ina jin kaɗaici, ɗana, irin wanda ban ji ba ko lokacin takaba. Ban faɗa don ka ji tausayina ba. Na faɗa don ka san cewa in akwai mai haƙƙin son a mayar da shi kore, ni ce.

Amma shekaranjiya da rana jikar Monowara, 'yar mitsitsiyar nan da ko baƙi ba ta fara koya ba, ta faɗo gidan da gudu daga wasa, ƙishi ya kama ta. Ta cafki hannun famfo, sai ta ɗaga kai ta ga bakin. Ta saki, ta ce wa kanta ja ne, Shiuli Apa ta ce ba a sha, ta juya ta fice. Ina kiranta in ba ta na randa, ko waiwayowa ba ta yi ba. Na yi murna, na kuma yi kuka, duk a zama ɗaya. Ka gaya min, in na kankare fentin nan, me yarinyar nan za ta gani?

Sadakarka ba ta ɓaci ba. Ka yi niyyar alheri a lokacin da ba wanda ya sani, kuma Allah niyya yake dubawa. Amma yanzu mun sani, ba kuwa zan shayar da jikokin mutane guba da sunan Abbanka ba. Ana cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Haka ne, sai dai wannan abin a ƙarƙashin ƙasa yake, kuma yaran aka koya wa dubawa. Shiuli ba za ta bar ƙungiya ba. Mako mai zuwa ita za ta tsaya gaban majalisar ƙauye ta nemi a haƙa mai zurfi a unguwarmu, tana ta gwada jawabin a gabana, ni ina kwaikwayon tsohon nan mai gardama. Ka kira ta, don tun ran Juma'a in waya ta yi ƙara sai ta fita waje.

Monowara tana gaishe ka, ta fara zuwa asibiti. Gwaggonka Rizia tana gaishe ka, haka ma kawunka Sobhan da iyalinsa. Ka gaishe min da Belal ɗan ƙauyenmu da kuke ɗaki ɗaya, ka ce masa uwarsa na nan lafiya. Kuddus ma ya ce a gaishe ka, ko da yake na san ya riga ni.

Maganar fenti kuma, kar ka aiko kowa, ba wanda zan bari ya taɓa shi. In har kana son ya koma kore, ka zo da kanka ka shafa. Zan tsaya a gaban famfon in hana ka, amma dai na gan ka.

Ka huta lafiya, Allah ya yi maka albarka.

Ni ce mahaifiyarka,
Hosne Ara Begum